A Jinjina wa Masu Shimfiɗe Duniya

Kowane gari a jihar Kebbi da abin da yake bugun gaba da shi. Argungu na da bikin kamun kifi, Aliero na da albasa da gwanayen ɗori, Gwandu na da hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Mu mutanen ƙasar Bagudo kuwa an daɗe ana yi mana kallon 'yan bakin iyaka, waɗanda ba a tunawa da su sai za a rufe boda, ko in ruwa ya cinye shinkafa. To a gaya wa masu raina mu su shiga taitayinsu. Allah ya tsaga da rabonmu. A majalisun shayi, daga Matsinkai zuwa Geza, daga Kaoje zuwa Tsamiya, mun samu samari da magidanta da suka gano abin da ya shige wa masanan duniya duhu sama da shekara dubu biyu: ashe duniya a shimfiɗe take kamar faifai, ba ta motsi, ba ta juyi, duk wanda ya ce mulmulalliya ce kuwa, ko dai an biya shi ko boko ya juyar masa da kai.

Abin da ya fi burge ni shi ne arahar binciken. Babu ɗakin gwaji, babu kwana a kan littafi. Datar naira ɗari biyu, bidiyo uku a TikTok, kofin shayi mai kauri, magana ta ƙare. Hujjar ma ba ta da makusa. "Malam, fita fadama ka ɗaga ido, ina ka ga ta lanƙwashe? In ƙwallo ce, mi ya hana ruwan Kwara zubewa? In juyawa take yi, don mi ban taɓa tashi da safe na tarar ƙofar gidana ta koma kallon Binin ba?" Wa ya isa ya ja da wannan? Duniyar da kewayenta ya kai kilomita 40,000, mutumin da in ya tsaya a fili idonsa ba ya wuce kilomita biyar, shi ne ya leƙa daga bakin gona ya yanke mata hukunci. Ba kowa Allah ke ba irin wannan ido ba.

Dubi yadda mutanen da suka wahalar da kansu a banza. Wajen shekara 240 kafin haihuwar Annabi Isa, wani masani a Iskandariya ta Masar, Eratostinis, ya ji labarin cewa a Aswan akwai ranar da hasken rana ke faɗawa har ƙasan rijiya da tsakar rana, alhali a wannan sa'ar sandar da aka kafa a Iskandariya tana da inuwa. Ya auna karkatar inuwar, ya ga kashi ɗaya ce cikin hamsin na da'ira, ya ninka tazarar garuruwan biyu sau hamsin, ya fitar da kewayen duniya. Halifa Ma'amun na Bagadaza, wajen shekarar 830, ya tura masana falaki hamadar Sinjar suna tafiya da igiyar awo, suna duba tsayin taurari, don kawai su san tsawon digiri ɗaya a doron ƙasa. Shi kuma Biruni, wanda aka haifa a 973, dutse ya samu a Nandana, cikin Pakistan ta yau, ya auna tsayinsa, ya auna yadda bakin sama ke sunkuyawa idan aka hango shi daga ƙololuwa, ya lissafa nisan da ke tsakanin doron ƙasa da tsakiyar cikinta. Ya samu kilomita 6,300 da ɗoriya, na'urorin yau suna cewa 6,371. Bayin Allah, da sun san za a yi wayar hannu da sun huta.

Gwanayenmu ba su tsaya nan ba, don sun gano wanda ya ƙirƙiri ƙaryar. Hukumar NASA ce ta Amurka, da Yahudu da Nasara a bayanta, don a raba Musulmi da addininsa. Nan ne basirarsu ta kai ƙarshe, domin an kafa NASA a 1958, amma sun bankaɗo cewa ta ɗauki ma'aikata tun shekara ɗari tara kafin a kafa ta. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya rubuta cewa ƙasa dunƙulalliya ce, ya kuma kafa hujja da Alƙur'ani. Faharuddin Razi ya bi wannan hanya a tafsirinsa. Idrisi ya zana wa sarkin Sisili taswira a 1154 bisa wannan fahimta. Ibn Khaldun ya faɗa a Muƙaddima. Ibn Taimiyya, wanda da yawa daga cikin gwanayenmu ba sa buɗe baki sai da sunansa, har ijima'in malamai ya ruwaito a kan haka. Duk waɗannan ashe albashi suke karɓa daga Amurkar da ba su taɓa jin sunanta ba. Wa zai tona wannan asiri in ba mai kaifin ƙwaƙwalwa ba?

Gaskiya ɗaya ce, suna da madafa. Tafsirin Jalalaini, wanda ake karanta mana kowane azumi, da ya zo suratul Gashiya ya rinjayar da cewa ƙasa a shimfiɗe take, saɓanin abin da masana falaki ke faɗi. Sai dai mai littafin ya yi sakaci, ya ƙara da cewa maganar masana falakin ba ta rushe wani rukuni na shari'a ba. Wato shi a wurinsa saɓani ne irin na malamai, kowa ya kawo tasa, a tashi a yi salla sahu ɗaya. Gwanayenmu ne suka gyara masa wannan rauni. Su a wurinsu yaron da ya dawo daga makaranta ya ce malamin jogirafi ya nuna musu ƙwallon duniya, sai ya sake kalmar shahada. Almajiri ya fi malaminsa tsanani, ai ci gaba ke nan.

Ko Sarkin Musulmi Muhammadu Bello bai tsira daga gyaran nasu ba. Da Baturen nan Kilafaton ya isa Sakkwato a 1824, ya rubuta cewa ya nuna wa Bello na'urarsa ta auna tsayin rana da taswirar taurari, sai ya tarar Sarkin ya san buruji duka, ya san taurari da yawa da sunayensu na Larabci. Da ya komo karo na biyu ya kawo masa littafin lissafi na Iƙlidis da Larabci, Bello ya yi murna, ya ce gidansu suna da irinsa, gobara ta cinye. Ɗan Shehu guda, yana ɓata lokaci a kan da'ira da kusurwa! Da a majalisarmu ya zauna, da an faɗa masa cewa wannan duk shirmen Turawa ne.

Wani abin yabo kuma shi ne kishin ƙasa. Gwanayen sun tsani duk wani abu da ya fito daga Turai, shi ya sa suka rungumi wannan ilmi na gida. Asalinsa kuwa ga shi. A 1838 wani Bature ɗan Ingila, Samuel Rowbotham, ya shiga wata miƙaƙƙiyar magudanar ruwa mai tsawon mil shida da ake kira Bedford, ya kafa madubin hangen nesa dab da ruwa, ya ce har ƙarshe yana hango kwalekwale, saboda haka duniya shimfiɗaɗɗiya ce. Ya mance cewa haske na lanƙwashewa a cikin iskar da ke kwance bisa ruwa. A 1870 wani mabiyinsa, John Hampden, ya zuba fam 500 ga duk wanda ya nuna masa lanƙwasa. Masanin halittu Alfred Wallace ya karɓa, ya ɗaga alamominsa sama da ruwa, tsayinsu ɗaya, aka leƙa aka ga ta tsakiya ta fi na gefe tashi. Alƙalin gasar ya ba Wallace gaskiya, shi kuwa Hampden ya kwashe shekaru yana zaginsa da aika masa wasiƙun barazana har aka ɗaure shi. Daga Ingila aƙidar ta ƙetare zuwa Amurka, ta yi ta suma tana farfaɗowa, har YouTube ya hura mata rai. Daga can aka juya bidiyoyin zuwa Larabci da Hausa, aka liƙa musu ayoyi. Mu da muke bakin boda mun san kayan gwanjo in mun gan su. Wannan dila ce da ta sha hannu, ta shigo ba ta Tsamiya ba, ba ta Lolo ba, babu jami'in kwastan da ya isa ya tare ta. Daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 an rufe iyaka, an hana shinkafa shigowa, an hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga boda, amma wannan haja ko kwana ɗaya ba ta yi a shinge ba.

Ita kanta iyakar, da a ce gwanayen sun waiwaye ta, da sun ƙara samun abin tonawa. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka sa wa hannu a birnin Paris ranar 14 ga Yunin 1898, wadda ta tsaga ƙasar Bargu biyu ta bar Illo a hannun Ingilishi, cewa ta yi layin zai taɓa Kwara mil goma sama da Giris, mashigin Illo. 'Yan safiyon da suka zo kafa alamomi da taurari suka riƙa gane inda suke tsaye, da lissafin da ba ya tafiya sai a kan duniya mulmulalliya. To in duniyar faifai ce, layin ƙarya ne, Segbana ta Binin da Tsamiya gari ɗaya ne. Ina ba da shawara ɗaya daga cikinsu ya ɗauko buhun shinkafa a babur, in an tare shi ya yi wa jami'in wannan bayani dalla-dalla.

Jarumtarsu ta yau da kullum ma abin a tsaya a duba ce, don ba ƙaramin namiji ke cin abinci yana ƙaryata mai dafawa ba. Gwani zai isa baƙon wuri, ya zaro waya ya nemi alƙibla, wayar ta tambayi taurarin ɗan Adam da ke kewaya duniya a nisan kilomita 20,000 inda take, ta yi lissafin kusurwa a kan ƙwallo, ta nuna masa gabas mai ɗan karkata arewa, wajen digiri 69. Ya yi sallarsa, ya shafa addu'a, ya buɗe Facebook a wannan waya ya rubuta cewa babu wani tauraron ɗan Adam, balan-balan ce aka ɗaure. Kwanon satalayit ɗin da yake kallon Harami da shi, mai ɗaurawa ya saita shi ne da wani tauraro da ke kusan kilomita 36,000 sama da layin ikwaita, wanda ke zagaya duniya sau ɗaya a yini, daidai da juyinta, shi ya sa ake ganin kamar a tsaye yake. Da azumi ɗan'uwansa da ke Maiduguri zai bugo masa waya baki cike da dabino, shi kuwa da sauran fiye da rabin awa rana ta faɗi a Bagudo, saboda digiri tara ke tsakaninsu, kowane digiri minti huɗu. Rana ɗaya, ta nutse wa wani, tana sama a wurin wani. Tambaye shi dalili, sai ya ce ikon Allah. Wa ya ce ba ikon Allah ba ne? Tambayar ita ce yadda Allah ya tsara ikon nasa, ita ce kuma tambayar da Biruni ya hau dutse dominta.

Musulmin Amurka ma sun shiga uku da wannan lamari. A taswirar bango Makka tana kudu maso gabas da birnin Washington, amma babban masallacin da aka buɗe can a 1957 arewa maso gabas yake kallo, don nan ce hanya mafi kusa zuwa Ka'aba a kan ƙwallo. Ya kamata majalisarmu ta aika musu su rama sallolin shekara sittin da wani abu.

Sai batun husufi. Ranar 29 ga Maris 2006 inuwar wata ta ratso Gana da Togo da Binin, ta bi ta Gusau da Katsina da Maraɗi, gari ya yi duhu da hantsi, kaji suka nufi akurki. Shekaru kafin ranar, masu cewa duniya ƙwallo ce sun buga kwanan watan, da sa'ar, da mintin, da sunayen garuruwan da duhun zai rufe. Daren 27 ga Yulin 2018 kuma wata ya yi ja har awa ɗaya da minti 43, kowa ya ga gefen inuwar duniya a jikinsa, a zagaye, kamar yadda take a kowane husufi tun da aka fara kallo. Gwanayenmu ba su taɓa faɗin ranar husufi ko ɗaya ba. Wannan tawali'u ne. Sun fi son a bari abin ya faru tukuna, sannan su bayyana cewa an shirya shi.

Akwai maganar da suke yi wadda dole a saurara: "Su masu kimiyyar nan yau su ce kaza, gobe su canza. Kuma sau nawa aka yi mana ƙarya?" An yi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan, yara wajen 200 aka shiga gwajin da su, 11 suka rasu, wasu suka nakasa, sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Mutumin da aka yi wa alkawarin hanya da asibiti kowane zaɓe bai gani ba, yana da dalilin ɗaga gira idan mai takarda ya buɗe baki. Shakka dukiya ce a wurin talaka. Abin da nake yaba wa gwanayenmu shi ne tattalin da suke yi mata. Ba sa ɓarnatar da ita a kan mai lasifika da ke tallar garin magani ɗaya mai warkar da basir da hawan jini da ciwon suga da rashin haihuwa, wannan saya suke yi har da na aboki. Ba sa kashe ta a kan takin da aka cakuɗa da yashi, ko maganin feshin da aka sauya wa kwanan wata. Mai jirgi ya ce akwai sauran wuri alhali ruwa ya kusa taɓa baki, shiga suke yi, kamar ba a kogin Kwara ne jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya kife kusa da Wara a watan Mayun 2021 ba, akasarinsu ba su fita da rai ba. Duk shakkar sun adana ta, sun tara ta wuri ɗaya, sun aika wa NASA, wadda ba ta bin su bashi, ba ta kuma san da zamansu ba. Idan kuma masu hasashen ambaliya suka ce Kwara zai cika bana, a janye daga bakin gaɓa, sai a tuna cewa ai su ma da tauraron ɗan Adam suke aiki, wato da abin da babu shi. Ambaliyar 2020 da ta shafe gonakin shinkafar Kebbi ba ta tsaya tambayar aƙidar kowa ba.

Canjin maganar da suke zargin masu kimiyya da shi kuwa, a nan ne suka yi musu fintinkau. Mai kimiyya mutum ne mai rauni, in awo ya ƙaryata shi sai ya janye, ko abokan aikinsa su janye shi da ƙarfi. Gwani ba ya janyewa. A wani fim na 2018 an nuna wani jagoransu a Amurka, Bob Knodel, sun samo na'urar auna juyi ta dala 20,000 don su tabbatar duniya a tsaye take. Na'urar ta nuna juyin digiri 15 a kowace awa, daidai abin da littafin firamare ya ce. Suka yanke cewa wani abu daga sama ne ke damun na'urar. A Disambar 2024 wani fasto ya kwashi wasu daga cikinsu zuwa Antatika su ga ko rana na kwana a sama awa 24, abin da taswirar faifai ta ce ba zai yiwu ba. Suka gani da idonsu. Ɗaya daga cikinsu, Jeran Campanella, ya ce ya yi kuskure a wannan. Nan take 'yan'uwansa suka ce an saye shi, wasu suka ce a ɗaki aka ɗauki hoton. Hoto ƙarya, na'ura ƙarya, wanda ya je ya gani an biya shi. Yariman Saudiyya Sultan bin Salman da ya hau kumbo a 1985, da likitan Malesiya da ya je tashar sararin sama cikin azumin 2007 har malaman ƙasarsa suka rubuta masa yadda zai yi salla a can, su ma duk 'yan wasa ne. Aƙidar da babu hujjar da za ta iya taɓa ta, ai ta fi ƙarfin kimiyya.

Saboda haka ina roƙon malaman makarantunmu, don girman Allah, kada wani ya yi gangancin kafa sanduna uku. Kada a kafa ɗaya a Matsinkai, a sa wani ɗan kasuwa ya kafa ta biyu a Kwatano, wani direba ya kafa ta uku a Agadas, masu tsayi ɗaya, kowa ya auna inuwarsa a rana ɗaya lokacin da ta fi gajarta, su turo wa juna ta WhatsApp. Da sanda biyu gwani na iya cewa rana ce ke kusa, ya lissafa tsayinta. Da ta uku lissafin zai ba shi rana mai tsayi biyu a lokaci ɗaya, ba kuma zai daidaita ba sai an lanƙwasa ƙasar. Kuɗin gwajin bai kai na shayi da burodi ba, kuma ɗan aji biyu na sakandare zai iya. Shi ya sa yake da haɗari. Mutuncin manya ya fi sanda.

Akwai wani magabaci da majalisar ba ta cika son a ambata ba, alhali shi ya fi kowa kai wannan magana nesa a ƙasar nan. A 2009 Muhammad Yusuf na Maiduguri ya shaida wa BBC cewa ba su yarda duniya ƙwallo ce ba, ba su kuma yarda cewa ruwan sama daga tururin da rana ke ɗagawa yake ba. Malamai irin su Shaihu Ja'afar Mahmud Adam sun yi ta yi masa raddi a kan haramta boko tun kafin nan. Abin da mabiyansa suka yi wa makarantu daga baya, a Buni Yadi da Chibok a 2014, ba ya bukatar tuni. Gwanayenmu ba su ɗauki makami ba, Allah ya kiyaye, mafi yawansu ko kaza ba sa iya yankawa. Iyakarsu su gaya wa yaro cewa malaminsa maƙaryaci ne, littafinsa makirci ne, a jihar da tun farko sai an yi da gaske ake samun yara a aji.

Hazaƙa irin wannan bai kamata ta ƙare a kan benci ba. Ina kira ga masu hali na ƙasar Bagudo a yi karo-karo a tura uku daga cikinsu su gano mana bakin faifan, su ɗauko hoto, kowa ya huta. Hanyar ba ta da wuyar ganewa. Su fita ta Tsamiya, su sa faɗuwar rana a gaba, kada su karkata daga digiri 11 arewa da layin ikwaita. Za su ratsa Binin da Burkina Faso da Mali da Gini, su hau teku, su taɓa Benezuwela da Nikaragwa, su sake hawa wani tekun da ya fi na farko, su bi ta Filifin da Indiya da Somaliya da Habasha da Sudan da Cadi da Kamaru. Tafiyar kilomita 39,000 ce da 'yan kai. A tanadar musu kuɗin mota daga Barno zuwa gida, da na shingayen hanya, don ta wajen Banki za su ɓullo.